Babi na Tara: Ƙas-ƙas a Kwana, Gurnani a Miƙe

Ƙara iri biyu ce ke fitowa daga ƙafar gaban mota wadda ta fi kai masu motoci gareji, kuma ita aka fi rikitawa. Ta farko ita ce ƙas-ƙas-ƙas ɗin da kake ji idan ka murɗe sitiyari har ƙarshe za ka shiga lungu, ko kana juya mota a ƙofar gida. Ta biyu gurnani ne mai kama da na jirgin sama daga nesa, wanda ke tasowa idan mota ta miƙe a kan kwalta ta kai gudun kilomita 60 ko 80. Na farko kukan shaf ne, na biyu kukan boris, wato ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu. Maƙwabtan juna ne, noti ɗaya ma ya ɗaure su. Abin da na gani a shekarun da na yi ina shiga gareji ina fita shi ne, boris da yawa ba tsufa ke kashe su ba, aikin shaf ɗin da aka yi a gefensu ne ajalinsu.

Iyayenmu da suka tuƙa Fijo 504, wadda aka fara harhaɗa irinta a Kaduna a 1975, ba su san wannan ƙas-ƙas ɗin a gaba ba. A 504 tayoyin baya ne ke tura mota, na gaba aikinsu kwana kawai. Da Golf da Honda da Corolla da 406 suka cika ƙasa, sai labari ya sake. A waɗannan motoci injin da giyabos duk suna gaba, kuma tayar gaba ita ke jan mota, ita ke yin kwana, ita ke hawa da sauka a kan rami, duk a lokaci guda. Corolla kanta sai a 1983 ta koma jan gaba. To ta yaya za a kai ƙarfin injin ga tayar da ba ta tsayawa wuri ɗaya? Wannan shi ne aikin shaf.

Shaf sandar ƙarfe ce mai kai biyu. Kan ciki yana shiga giyabos, kan waje yana ratsa tsakiyar hob, wato farantin da ake ɗaura taya a kai. A kowane kai akwai gaɓa. Tsohuwar gaɓar da aka sani, wadda makanikai ke kira kuros a jikin furofela, tana da aibi guda: idan aka lanƙwasa ta sosai, juyawarta ba ta tafiya daidai, sai ta yi sauri ta sassauta sau biyu a kowane zagaye. A furofela, inda lanƙwasar ba ta da yawa, ba a damu ba. A tayar da ke kwana kuwa, sitiyari zai riƙa fizgar hannun direba. Wani injiniya na kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, shi ya fito da mafita a wajejen 1927: ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, suna gudu a cikin kwararo, ta yadda ko an lanƙwasa gaɓar kusan digiri 45 juyawar ba ta sauyawa. Ƙaramar motar nan ta Ingila, Mini, da ta fito a 1959, ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan gaɓa, kuma har yau jikokinta ne ke bayan tayar motarka. Gaɓar ciki kuwa a yawancin motoci mai ƙafa uku ce, kowace ƙafa da ɗan gargarenta, tana zamewa ciki da waje domin shaf ya iya miƙewa ya takure yayin da taya ke hawa da sauka.

Duk wannan fasaha abu ɗaya ke tsare ta: robar nan mai kama da zugazugi da ta lulluɓe kowace gaɓa, cike da baƙin giris. Muddin robar tana nan lafiya, gaɓa tana iya daɗewa ƙwarai. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da roba ta yage, giris zai fara fantsama waje, ƙurar hunturu da yashi da ruwan damina su shiga ciki. Yashi idan ya gauraya da giris ya zama abin wasa ƙarfe, kuma ƙwallayen da kansu za su yi ta niƙa shi a jikin kwararonsu har su ci shi. Lokacin da ka fara jin ƙas-ƙas, aikin gama ya gama. Sauya roba a sannan ba zai mayar da ƙarfen da ya zaizaye ba.

Saboda haka nake roƙon mai karatu ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk ranar da aka sauya maka baƙin mai, ka murɗe sitiyari zuwa ƙarshe, ka durƙusa ka leƙa bayan taya. Idan ka ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin rim ko a jikin shokozoba, robar ta fashe. Idan ka ga ta yi tsattsagu kamar faso a ƙafa, tana gab da fashewa. A wannan mataki roba da giris kawai za ka saya, kuɗin da bai kai kusa da na shaf ba. Amma a wanke gaɓar tas kafin a zuba sabon giris, kuma a zuba nata, baƙin nan da ke zuwa tare da robar. Na sha ganin an ɗaure bakin roba da wayar ƙarfe ko da tsinken robar taya. Ba ya riƙewa. Maɗaurinta na ƙarfe shi ne daidai.

Gane ciwon shaf ba shi da wuya. Ka sami fili, ka murɗe sitiyari gaba ɗaya, ka taka totur a hankali kana zagaye, sannan ka juya ɗaya ɓangaren. Ƙas-ƙas mai bin juyawar taya gaɓar waje ce. Gaɓar ciki ba ta cika yin wannan ƙara ba. Ita rawa take sa mota. Za ka ji gaban motar yana karkarwa idan ka ba ta wuta, musamman a hawa, da zarar ka ɗaga ƙafa kuma sai rawar ta ɗauke. Mutane da yawa sun kashe kuɗi wajen gyaran balas ɗin taya a kan wannan, alhali rawar taya ba ruwanta da ko ka taka totur ko ka saki.

Boris shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a nan ne nake son mu ɗan daɗe.

Da farko a tabbatar daga ƙafa ƙarar take. A kan titi mai kyau da babu cunkoso, ka kai gudun da gurnanin ya fi fitowa, ka ɗaga ƙafa daga totur. Idan motarka mai kuloci ce ka taka shi. Injin zai yi shiru, amma idan gurnanin ya ci gaba yana bin gudun mota, yana raguwa sannu a hankali yayin da take rage gudu, to ba injin ba ne. Sannan ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali, ba fizga ba. Idan mota ta karkata hagu, nauyinta yana komawa kan tayoyin dama. Boris mai ciwo yakan ƙara kuka idan aka ɗora masa nauyi, ya sassauta idan aka sauke. Wato gurnanin da ke ƙaruwa a kwanar hagu yana nuna ɓangaren dama. Na ce yana nunawa, ban ce ya tabbatar ba. Boris ɗin zamani layi biyu na ƙwallaye gare shi, wani lokaci layin da ya lalace yakan juya wannan lissafi, kuma ƙara tana bin jikin mota ta ruɗi kunne, ta baya ta zo kamar ta gaba. Kada a saya kaya da shaidar kunne kaɗai.

Akwai kuma mai kwaikwayon boris, wato taya. Tayar da ta cinye ba daidai ba, ta yi tudu da kwari saboda mataccen shokozoba, gurnaninta sak na boris. Ka shafa tafin hannu a kanta. Idan ka ji kamar haƙoran zarto, ka sa a musanya ta gaba da ta baya. Idan ƙarar ta bi taya ta koma baya, ka tsira da kuɗinka. Wata alamar kuma, kukan taya yana sauyawa idan ka tashi daga sabuwar kwalta ka hau tsohuwa, na boris kuwa bai damu da irin titi ba.

Daga nan sai a ɗaga mota. Ka kama taya da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka girgiza. Sannan ka kama gefe da gefe ka sake girgizawa. Wasan da ke gefe da gefe kaɗai yawanci na tayarod ne. Wasan sama da ƙasa yana iya zama boris, yana iya zama boljoyin, don haka wani ya leƙa baya yana kallo lokacin da kake girgizawa, ko ya taka birki: idan wasan ya ɓace da taka birki, boris ne, domin birki ya riƙe hob, idan bai ɓace ba, a duba boljoyin. Wasan da ke ko'ina, ta kowace fuska, da wuya ya wuce boris.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Makanike zai girgiza taya, ya ji ta garau, ya ce maka boris ɗinka lafiya lau. Wannan hukunci gado ne daga zamanin wani irin boris daban. Tsofaffin bas-bas da a-kori-kura suna da boris biyu masu siffar mazurari a ƙafar gaba, irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka a 1898. Su ana kwance su, a wanke, a cika da giris, a ɗaure noti daidai gwargwado, kuma ɗan wasa kaɗan a cikinsu ba laifi ba ne. Na Corolla da Honda da Golf kuwa a rufe yake zuwa daga masana'anta da girisinsa, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komai, ba a yarda da wasa a cikinsa ko kaɗan. Irin wannan yana iya yin watanni yana gurnani ba tare da taya ta motsa ba. Ranar da ka ji wasa a cikinsa, ya riga ya yi nisa.

Yadda ake kama shi da wuri, wani dattijon makanike ne ya koya mini, kuma a kan motata na koya. An sauya mini shaf na hagu a wani gareji, aiki ya yi kyau a ido, ƙas-ƙas ta tafi. Ba a yi wata guda ba, ina kan hanyar Katsina, sai gurnani ya tashi. Na tsaya wurin wannan dattijo. Ya ɗaga mota, ya dafa sifirin ɗin shokozoba da hannun hagu, ya wulwula taya da na dama, ya yi shiru kamar mai sauraron bugun zuciya. Sai ya ce, "Malam, kawo hannunka nan." Na dafa, na ji wani ɗan gurzawa yana ratsa ƙarfen zuwa yatsuna. Muka je ɗaya ɓangaren, na dafa, shiru, sumul. Bai tambaye ni shekarun motar ba. Cewa ya yi, "Wa ya taɓa maka shaf kwanan nan?" Na ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?" Ya cire taya ya nuna mini notin tsakiya. Ba a danne bakinsa cikin tsagin shaf ba, ya warware, kuma ƙarshen shaf ɗin da gefen hob duk tabon guduma ne. Na biya kuɗin boris wanda da lafiyarsa na kai shi gareji.

Ga dalilin. Wannan noti ba shaf kaɗai yake riƙewa ba. Shi ne ke matse zoben cikin boris guda biyu wuri ɗaya, da ƙarfin da masu ƙera mota suka auna. Idan ɗaurin bai kai ba, zoben za su riƙa motsi, ƙwallaye su yi ta dukan hanyarsu. Idan aka sa dogon bututu yaro ya hau yana tsalle, ɗaurin ya wuce kima, zare ya miƙe, wani boris ɗin kuma ya matsu ya riƙa zafi. Kowace mota da awonta. Na Corolla ta 2003 zuwa 2008, alal misali, niyuton-mita 216 ne. Akwai sifana mai awo wadda ake saita ta a kan lambar, ta yi ƙat idan ɗauri ya kai. Garejin da ke aikin ƙafar mota kullum bai da hujjar rashinta. Haka kuma kada a yarda a tura mota ko a sauke nauyinta a kan taya alhali an cire shaf ko notin yana kwance, ko da taku goma ne za a matsar da ita don a ba wata wuri. Wannan ɗan turin ya isa ya raunata boris.

Shi kansa aikin sauya shaf ba dogo ba ne, ƙwararre yana gamawa cikin awa ɗaya ko biyu idan tsatsa ba ta kama ba. Ana fara buɗe bakin notin da aka danne, ko a zare fin idan mai fin ne, a ɗan karya ƙarfinsa wani na taka birki, sannan a ɗaga mota. A ɗora ta a kan ƙafar ƙarfe. Jak na ɗagawa ne, ba na zama ba, bulo kuwa yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba, kuma ran ɗan mutane ne a ƙarƙashi. Sai a cire taya, a raba boljoyin ko ƙusoshin shokozoba domin hob ya sami damar buɗewa waje, a tura kan shaf ciki ya fita daga haƙoransa. Idan ya ƙi, akwai abin jawowa mai zare. In babu, a sa jan ƙarfe ko katako tsakani a buga a hankali. Dukan kai tsaye da babbar guduma yana bi ta hob ya sauka a kan ƙwallayen boris, ya bar musu ƙananan lotsawa a kan hanyarsu waɗanda ido ba ya gani, sai bayan makonni su zama gurnani. A kula da tiyon birki da wayar ABS, kada a bar nauyin ƙafa ya rataya a kansu.

Kan ciki kuwa ba a fizgo shi ta hanyar jan sandar, domin gaɓar mai ƙafa uku za ta zare ta tarwatse cikin robarta. Ƙarfe ake sawa tsakanin gaɓar da giyabos a ɓanɓare ta da bugu ɗaya, saboda wani ɗan zoben waya ne ke riƙe da ita. A wasu motoci, irin su Golf da yawa, ƙusoshi ne suka ɗaure ta, kwancewa kawai ake yi. Man giya zai iya zuba, don haka a tara kwano, kuma a tuna a cika shi bayan aiki da irin man da motar ke sha. Na ga giyabos ɗin da ya ƙone saboda an manta wannan. A dubi sil ɗin da ke bakin ramin. Idan yana jiƙe ko ya taurare, yanzu ne lokacin sauya shi da arha, tunda hanya a buɗe take.

Kafin a saka sabo, a shimfiɗa shi kusa da tsohon. Tsawo ya zo ɗaya? A yawancin motoci na hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba, kuma na mota mai giyar hannu yakan bambanta da na otomatik. A ƙirga haƙoran kowane kai. Idan akwai zoben ABS mai haƙora a jikin gaɓar waje, shi ma a ƙirga, in ba haka ba fitilar ABS za ta kama ko birki ya riƙa rawa a ƙafa ba dalili. Wanda zai je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ya tafi da tsohon shaf ɗin a hannu. Tsakanin sabo mai araha da ɗan Beljiyam, wato na hannu na asali, ni dai na fi karkata ga na biyun idan robarsa ba ta taɓa fashewa ba kuma gaɓarsa ba ta da wasa idan an murɗa ta da hannu. Amma wannan ra'ayi a kan shaf ya tsaya. Boris ba a sayen na hannu. Wanda aka fitar daga wata mota ya riga ya sha duka wajen fitarwa. A nemi sabo na kamfanin da aka sani, irin su SKF na Suwidin, wanda ke wannan sana'a tun 1907, ko Koyo da NSK da NTN na Japan, kuma a saya wurin wanda aka amince da shi, domin jabu a cikin kwali mai kyau sun yi yawa a kasuwa.

Idan aka tura sabon shaf cikin giyabos, sai an ji zoben wayar ya kama. A ɗan ja gaɓar da hannu, idan ta fito bai zauna ba. A mayar da komai, a sa sabon noti idan irin wanda ake dannewa ne, a ɗaure da awo, a danne bakinsa cikin tsagi.

Idan kuma boris ɗin ne za a sauya, injin matsi ne wurinsa. Wajen shigar da shi cikin gidansa, zoben waje kaɗai ake dannawa. Wajen shigar da hob, a tokare zoben ciki. Ƙa'idar ita ce kada ƙarfin matsi ya bi ta kan ƙwallaye. Wasu boris ɗin suna da maganaɗisun ABS a fuska ɗaya, wadda dole ta kalli ciki wajen na'urar da ke karanta ta. Idan aka juya shi, babu gyara sai an sake sayen wani, domin fitar da shi lalata shi ne. Motoci da yawa na baya-bayan nan sun sauƙaƙa wannan, boris da hob a haɗe suke zuwa, ƙusoshi kawai ake kwancewa.

Wata tambaya da direbobin haya ke yawan yi ita ce ko za a iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata. Shaf mai ƙas-ƙas yakan ɗan yi haƙuri a cikin gari, ranar da ya karye kuma yawanci mota tsayawa take yi, injin na kuka ba ta motsi. Wannan ma ba ƙaramin haɗari ba ne idan ya same ka kana tsallaka titi ko kana wuce tirela. Boris ya fi muni. Idan ya yi nisa yana zafi, yana iya cijewa taya ta ƙi juyawa, hob ya yi ta lilo har birki ya daina kamawa daidai, a mafi munin hali ƙafar ta rabu da mota. Ka tuna Golf ko Sharon da aka cika da fasinja da buhuna tana gudu tsakanin Zariya da Kano cikin zafin bazara. Nauyi da zafi da gudu su ne abubuwa uku da boris mai rauni ba ya jurewa. Idan ka tsaya bayan tafiya ka kai hannu kusa da tsakiyar rim ka ji ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, ko boris ne ko birki ne ya cije, kada ka ɗauki mutane a motar nan sai an duba.

Kai mai mota, ranar da za a taɓa maka shaf, ka ba aikin awa biyu na lokacinka ka tsaya a wurin. Ka nemi a nuna maka tsoho da sabo a jere, ka hana dukan hob da guduma, ka tambayi awon notin, kuma kada ka tayar da motar sai ka ga an danne bakinsa an cika man giya.